Jos Bayan Kuza

Matafiyin da ya taso daga Akwanga ya haye Hawan Kibo, tun kafin ya kai Bukuru zai fara laluben rigar sanyi, domin ya hau tudun da ya ɗara bakin teku da mita kusan 1,200. Daga nan idonsa zai fara cin karo da wasu tuddai jajaye marasa ciyawa, kowanne da tafki a gindinsa. Baƙo yakan ce kai, Allah ya yi wa ƙasar nan kyau. Ɗan gari ya san ba haka aka halicce ta ba. Kowane tafki rami ne da aka haƙa, kowane tudu kuwa ƙasar da aka kwaso daga cikinsa ce, mai yawa daga ciki a kan mutane, kwano bayan kwano. Kuza aka zo nema. An same ta, an kwashe, an yi gaba. Aka bar ramuka, aka bar mutanen da aka tara domin su haƙa su, kuma babu wanda ya zauna ya yi shawarar yadda za a yi da ko ɗaya daga cikin biyun.

Ba Bature ne ya gano kuza ba. Tun kafin zuwansa maƙeran Liruwai da ke kudancin ƙasar Kano, da 'yan'uwansu na Liruwain Dalma a ƙasar Bauchi, suna wanke yashin rafi, su narka abin da ya kwanta, su zuba shi ya fito siri-siri. A hannun fatake ma'aikatan Kamfanin Neja suka ga wannan ƙarfe, suka yi ta bin sawu har George Nicolaus ya iso kogin Dilimi a 1902. Ba da jimawa ba Kanar Laws ya hawo da rakiyar soja ya kafa sansani a Naraguta. Mutanen tudun, wato Berom da Anaguta da Afizere da maƙwabtansu, dawakan Bauchi sun gwada su ba su mallake su ba, amma bindiga mai jigida wani abu ce daban. Doka ta biyo bayan bindiga: duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya zama na gwamnati, Kamfanin Neja kuma tun kafin nan aka yi masa alkawarin rabin kuɗin da za a karɓa a kan ma'adinai na shekara 99, sai a 1950 gwamnati ta fanshi wannan alkawari. Maƙeran Liruwai kuwa, cikin 'yan shekaru wutarsu ta mutu.

Kamfanoni sun sami ƙasa, saura hannu. Manomin Berom yana da gonarsa ta acca, ba shi da dalilin shiga rami ya yi wa wani bauta, sai da haraji ya tilasta shi, shi ma ɗin yakan yi 'yan makonni ne ya haɗa kuɗin ya koma gida. Saboda haka aka juya ga Arewa. 'Yan cirani suka yi ta hawowa daga Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato da Borno, da Zabarmawa da sauran masu gudun harajin Faransa, da bayin da suka tsinke igiya suna neman inda ba a san asalinsu ba. A farkon lamari da ka ake ɗaukar kuzar har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwanaki. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso, a 1927 babban layin dogo ya hawo daga Kafanchan. Shi ya kawo akawuna da masu gyaran inji da direbobi: Ibo, Yarabawa, Urhobo, har da mutanen Gana da Saliyo. 'Yan kasuwar Ogbomosho suka buɗe shaguna, Kwarori suka buɗe kantuna.

Yadda aikin yake, tsofaffin da suka yi shi ba sa gajiya da kwatanta shi. A can ƙasan rami masu diga suna sara, masu shebur suna cika kwanuka, sai jerin masu ɗauka, mata da yara a cikinsu, su biyo wata siririyar hanya mai santsi su hawo su juye, su koma. Heluma na tsaye a bakin rami yana ƙirga. In an kai ga shimfiɗar tsakuwa mai kuza, sai a zuba ta a magudanar ruwa, ana motsawa da shebur, farin yashi ya wuce, baƙin mai nauyi ya kwanta. Wannan baƙin ne ake shanyawa, a zuba a buhu, a aika Ingila a narke. Ranar biya bariki yakan cika: mahauta, masu tuwo-tuwo, makaɗa, 'yan caca, matan gidan magajiya, da ɗan kwangila mai bin bashin abincin mako. Sau da yawa lebura kan wayi gari ranar Litinin aljihunsa kamar yadda ya kwana ranar Juma'a. Ba banza ba har yau in an ce wa mutum ɗan bariki, ba yabonsa aka yi ba. Amma a nan ne mutanen da ba su jin harshen juna suka koma yin Hausa, shi ya sa taswirar ƙasar Berom ta cika da Barikin Ladi da Sabon Gidan Kanar da Gindin Akwati da Mai Adiko.

Garin Jos kansa an shata shi ne wajen 1915, kuma a rabe aka shata shi. Turawa suna da unguwarsu can gefe. Akawuna da 'yan Kudu suna ƙarƙashin dokar Bature kai tsaye. Garin da Bature ya kira na 'yan ƙasa kuma, inda Hausawa suka fi yawa, aka ɗora masa shugabanni Hausawa ɗaya bayan ɗaya, da alƙali da kasuwa, a ƙarƙashin lardin Bauchi har zuwa 1926 da aka yanke lardin Filato. Yau in ka ce waɗannan shugabanni sarakunan Jos ne, wani zai gyara maka ya ce sarakunan Hausawan Jos, kuma a kan wannan bambanci an cika takardu masu yawa a gaban kwamitocin bincike. Su kuwa masu ƙasar suna ƙauyukansu, suna kallon ana auna gonakinsu da sarƙa, ana kafa turaku, ana biyan su abin da bai taka kara ya karya ba. Haka aka gina gari wanda masu ƙasa ba su da yawa a cikinsa, kewaye da ƙauyukan da garin ke cin ƙasarsu. Bature bai ga aibin wannan ba, tunda shi ba gari ya zo ginawa ba.

Shekarun da suka fi kowanne ɗaci su ne na yaƙin Hitila. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda aka fi fitar da kuza a daular Ingila, sai idon London ya dawo kan Filato. Aka kafa dokar aikin tilas. Kowace En'e aka yanka mata adadin mazajen da za ta kawo, sarki ya rarraba wa hakimai, hakimai su rarraba wa dagatai, dagaci kuma ya san gidan da ba shi da mai tsaya masa. Tsakanin 1942 da 1944 an kwaso mutum wajen dubu ɗari. A yi tunanin talakan da ya tashi a zafin Sakkwato ko Gumel, da 'yar taguwa ɗaya, an sauke shi a bukkar ciyawa a kan tudun da hunturunsa ke sa haƙora kaɗawa, ga abinci ba ya isa, ga aiki a cikin ruwa. Ciwon huhu ya yi ta ɗauka. Masu ƙarfin hali suka yi ta gudu cikin dare. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, a muhawarar yau ta wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, ba kasafai ake tuna cewa kakannin wasu ba da ƙafarsu suka zaɓi zuwa ba. Haka kuma a zaurukanmu na Hausawa ba kasafai muke tuna cewa a daidai waɗannan shekaru ne aka fi cinye gonakin Berom ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan kurayen biyu ne, kuma gardin ya daɗe da komawa gida.

Bayan yaƙi Berom suka ɗaga murya. Mutanen Gyel suka tsaya a kan ƙasarsu, 'yan bokon da mishan ta yaye suka kafa ƙungiya, a 1947 aka naɗa Rwang Pam sarkin Berom, sarautar da ta zama Gbong Gwom Jos, garin kuma ya koma ƙarƙashinta. Wannan gyara ne na wani zalunci, amma an yi shi ba tare da an fayyace matsayin dubban mutanen da aka haifa a bariki ba, waɗanda ba su san hanyar Kazaure ko Hadeja ba sai a bakin iyayensu. Muddin akwai aiki, tambayar tana iya jira. Kuma akwai aiki.

Shekaru ashirin da suka biyo baya su ne Jos ɗin da tsofaffi ke kewa. A farkon shekarun 1950 Amurka ta shiga sayen kolombait, wani baƙin yashi da a da ake zubarwa a matsayin dattin kuza, sai ga juji ya zama dukiya, Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Kamfanin ATMN, wanda ya haɗiye ƙananan kamfanoni a ƙarshen shekarun 1930, yana da manyan injunan haƙa masu tafiya da kansu. Kamfanin NESCO tun 1929 yake ba da lantarki daga ruwan Kurra, saboda haka barikokin Filato sun ga ƙwan fitila kafin manyan birane da dama. A farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri, aka daina aika ɗanye. Ramukan ma sun yi wata kyauta da ba a nema ba: a cikinsu aka tono kawunan yumɓu na Nok, Bature mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya tattara su, gidan tarihi na Jos ya buɗe a 1952. A Bukuru aka haifi Ɗan Maraya, wanda ya ɗauki kuntigi ya yi wa karen mota da sauran 'yan wahalar gari waƙa, kuma da wuya wani gari ya haifi irin wannan mawaƙi in ba garin lebura ba. 'Yan wasan Mighty Jets ta Jos suka ci gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a 1972. Yaro ɗaya yakan tashi da Hausa da Turancin kasuwa da ɗan abin da ya tsinta na Yarbanci da Berom, ya ci tuwon sallah a wannan gida, ya ci shinkafar Kirsimeti a wancan.

Duk wannan gaskiya ne, amma kewa tana da mantuwa. A 1945 an yi faɗa tsakanin Hausawa da Ibo a Jos. A 1966 an kashe Ibo da yawa a garin, sauran suka tsere suka bar gidaje da shaguna. Garin da ke kiran kansa gidan zaman lafiya ya riga ya san hanyar zubar da jini tun kafin faɗan ya zama na Berom da Hausa.

Kuza ba rana ɗaya ta mutu ba. Mai sauƙin samu ta ƙare, wadda ta rage ta yi zurfi, wata ma a ƙarƙashin baƙin dutse. Man fetur ya zo ya ɗauke hankalin gwamnati, ya ɗaga darajar naira, ya sa albashin ma'aikata ya fi ƙarfin kamfanoni. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa Turawa suka fara naɗe tabarma, injuna suka tsufa babu kayan gyara. A watan Oktoba na 1985 majalisar da ke riƙe da farashin kuza a duniya ta karye, farashi ya faɗi warwas, aka yi ta sallamar ma'aikata.

A wasu ƙasashe, in ma'adini ya ƙare gari yakan zube: matasa su tafi, makarantu su rufe, a bar tsofaffi. Jos ba ta yi haka ba, kuma a nan ne labarinta ya bambanta. Tun 1967 ta zama hedikwatar jihar Binuwai da Filato, a 1976 ta zama ta jihar Filato, jami'a ta tsaya da ƙafarta a 1975. Sakatariya da asibitoci da barikin soja da hedikwatocin coci-coci suka jawo sababbin mutane, wannan karon daga cikin jihar: Ngas, Tarok, Mwaghavul, Goemai, da su kansu Berom da suka shigo gari da takardun makaranta. Ƙungiyar Izala a nan aka kafa ta a 1978. Masu gudun rikicin Kano da Kaduna da Bauchi suka riƙa fakewa a nan. Gari ya yi ta kumbura a daidai lokacin da abin da ya kafa shi ke mutuwa. Ƙidayar 2006 ta ba Jos ta Arewa mutum 429,300, Jos ta Kudu 306,716.

To, me wannan taro zai ci? Gwamnati ce ta zama sabon rami. Aikin ofis, gurbin jami'a, tallafin karatu, shiga soja ko ɗan sanda, fili, kwangila, duk ta ƙofa ɗaya ake shiga, kuma mabuɗin ƙofar ita ce takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Kamfanin kuza bai taɓa tambayar lebura garin kakansa ba, ƙarfinsa kawai yake so. Fom ɗin gwamnati kuwa da wannan tambaya yake farawa. Saurayin da aka haifi ubansa da kakansa a unguwar Gangare sai a ce masa ya je Kano ya karɓo takarda, a Kano kuma a tambaye shi gidan wa yake nema. Shi kuma saurayin Berom yana duban Kano da Katsina ya ga babu inda za a ba shi kujerar kansila, ya ce to in nan ɗin ma ta kuɓuce, ina ya rage masa? Ni ban ga wanda ya yi ƙarya a cikin su biyun ba. Tsarin mulkin ƙasa ne ya yi maganar ɗan asali ya ƙi faɗin shekara nawa ake yi kafin a zama shi.

A 1991 gwamnatin Babangida ta raba ƙaramar hukumar Jos, aka sami Jos ta Arewa, inda Hausawan gari, masu kiran kansu Jasawa, suke da nauyi a akwatin zaɓe. Su suka ga an ba su murya, 'yan ƙasa suka ga an yanka musu gari an miƙa wa wasu. A watan Afrilun 1994 naɗin shugaban riƙo ya jawo faɗa. Ran 7 ga Satumba 2001 abin ya fashe gaba ɗaya, cikin kwanaki kaɗan aka rasa rayuka wajen dubu. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone. A Nuwamban 2008 zaɓen ƙaramar hukuma ya sake kunna wuta, haka a Janairun 2010. A wannan shekara aka yi wa Musulmi kisan gilla a Kuru Karama, bayan makonni aka yi wa Kiristoci irinsa a Dogo Nahawa. Duka biyun tsofaffin matsugunan 'yan kuza ne.

Kowane rikici ya sake zana taswirar gari. Mutane suka yi ta musayar gidaje, wasu suka sayar a wulaƙance, wasu suka bar kango. Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos suka zama na Musulmi kusan zalla, suka cushe har ba wurin shimfiɗa tabarma, tunda ba inda za su faɗaɗa. Unguwar Rukuba da Jenta da Kabong suka zama na Kirista, sababbin gidaje suka bazu kudu wajen Rayfield. Ɗan Keke ya san inda zai ce wa fasinja nan zan tsaya, fasinjan ma ba ya tambayar dalili. Ƙonewar Taminus ta fi yadda ake zato illa, domin nan ne wurin da dole kowa ya gogi kafaɗar kowa. Da ta tafi, sai kowane ɓangare ya fara tsiro da 'yar kasuwarsa. Yaran da aka haifa bayan 2001 yanzu magidanta ne, kuma da yawansu ba su taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi kowa addini ko ƙabila ba, saboda haka kowane ɓangare yana da lissafinsa, kuma a lissafin kowa shi ne mai rinjaye.

Ramukan kuwa suna nan. Suna cin yara masu wanka da shanu masu shan ruwa. Dokar da ta ce a cike rami bayan an gama ta zo a makare, an ɗan baje wasu tuddai an dasa itatuwan turare, sauran aka bar su. Amma talaka ba ya barin ruwa ya zauna banza. Tsofaffin leburori Hausawa suka fara lambu a bakin tafkunan da rani, maƙwabtansu Berom suka koya suka kama, yau injin ban-ruwa na ta ƙugi a inda injin haƙa ya yi shiru. Kabeji da karas da latas da koren tattasai da ake lodawa a kasuwar Farin Gada zuwa Abuja da Legas, wani kaso nasu ruwan ramin kuza suka sha. A wannan ciniki har yanzu ana cuɗanya, don manomi na bukatar dillali, dillali na bukatar direba, kuma kabeji ba ya jiran a gama sulhu.

Kuzar ma ta dawo ta bayan gida. Da ita ake liƙa wayoyin cikin salula da kwamfuta, farashinta ya sake tashi, sai matasan da ba su da aiki suka koma tsofaffin filaye da abin da ake kira loto. Rami ne kamar rijiya, faɗinsa bai wuce mutum ya miƙe hannu ba. A kafa itace biyu a baki, a gitta ƙarfe mai mariƙi, a ɗaura igiya, a zura saurayi da tocila ɗaure a goshi. In ya kai shimfiɗar kuza sai ya yi ta rarake gefe yana cika bokiti, na sama suna murzawa. Mata na gefen ruwa da kwano ko ƙwarya suna jujjuyawa har baƙin ya kwanta, mai saye na zaune da sikelinsa, shi ne kuma galibi ya ba da kuɗin abinci da na man injin zuƙe ruwa, saboda haka shi ke yanka farashi. Babu katakon tokare, babu taswirar ramukan da aka riga aka haƙa a ƙasa. In damina ta jiƙa ƙasa, rami kan rufta da mutane a ciki. Yara na barin aji su tafi wanki, gonaki na zama rariya. A farkon 2025 gwamnatin jihar ta dakatar da haƙar ma'adinai ta ce sai an tantance masu yi, amma wanda ya saba samun kuɗin yini a bakin rami, takarda daga gidan gwamnati ba ta cika masa tukunya.

Makeri ta daɗe da yin sanyi. Abin da aka wanke a Bisichi ko Barikin Ladi, yawancinsa a buhu ake ɗinke shi, a loda a mota zuwa tashar jirgin ruwa, a narke shi a Asiya. Jikan wanda aka ƙwace wa gona da jikan wanda aka kwaso daga Sakkwato su ne a cikin ramin, kuma har yanzu ɗanye ake fitar da ita.